Baƙon da ya rasa matsuguni a Bangkok: ba a mayar da shi gida kyauta

An daɗe ana ɗauka cewa baƙon da kuɗi suka ƙare masa a Bangkok, in ya miƙa kansa ga jami'an shige da fice, gwamnatin Tailan za ta sa shi a jirgi ta mayar da shi ƙasarsu. Ba haka abin yake ba.

Duk ranar da ya ƙara bayan bizarsa ta ƙare, tarar baht (kuɗin Tailan) 500 ce, har ta tsaya a 20,000. Tikitin komawa kuwa daga aljihunsa zai fito. Wanda aka kama bai da shi, a cibiyar tsare baƙi yake zama, irin ta Suan Phlu, sai dangi sun turo kuɗi. Ofishin jakadanci na iya ba shi takardar tafiya ta gaggawa idan fasfo ya ɓata, amma galibi ba ya sayen tikiti.

Ga kuma haramcin dawowa: wanda ya zarce kwana 90 ya kai kansa, aƙalla shekara 1; wanda aka kama, shekara 5 ko 10. Aiki kuma ba izini laifi ne. Shi ya sa wasu ke gwammace kwana a gefen titi, suna kauce wa 'yan sanda.