Kimiyyar Jama'a a Cibiyoyin Bincike

Kimiyyar jama'a ita ce shigar da mutanen da ba bincike ne sana'arsu ba cikin aikin kimiyya: su ƙirga, su auna, su ɗauki hoto, wani lokaci har da su ake tsara abin da za a bincika. Manomin da ke rubuta ranar saukar ruwan farko yana ciki, haka ɗalibin da ke ƙirga tsuntsaye a bakin kogin Kubanni da ke Zariya, muddin abin da suka tara zai kai hannun masana a yi aiki da shi.

Asali

Sunan ya bazu ne a shekarun 1990 ta hannun Alan Irwin a Birtaniya da Rick Bonney na Jami'ar Cornell a Amurka, amma aikin ya girmi sunan. Tun 1900 masu sa kai ke ƙidayar tsuntsaye a Amurka duk lokacin Kirsimeti. A Najeriya, cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos ta fara shirin taswirar tsuntsayen ƙasa a 2015. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 tsawo da faɗi, masu sa kai na shiga su rubuta abin da suka gani a wayarsu.

A Zariya

Gari ne da kayan aikin suka riga suka taru. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta samo asali tun 1922, ta shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Ga NAERLS mai haɗa masu bincike da malaman gona, ga NAPRI ta binciken dabbobi a Shika. A shekarun 1960, David Norman, masanin tattalin arzikin noma, ya bi diddigin noma a ƙauyukan Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, ya nuna cewa haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya dabara ce ta rage asara, ba rashin wayewa ba. Wancan aiki bai cika zama kimiyyar jama'a ba, domin manoman amsa tambaya kawai suke yi. Amma ya tabbatar da cewa mai fartanya yana riƙe da sanin da ɗakin gwaji ba shi da shi.

Tsutsar masara da ta ɓulla a Najeriya a 2016 ta ƙara fito da amfanin kimiyyar jama'a. Ba cibiyar da ke da ma'aikatan da za su leƙa kowace gona, shi ya sa hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, ta fitar da manhajar FAMEWS domin a riƙa aiko da rahoto daga gonaki.

Abin da ke kan cibiya

Nan ne aikin yake. Na farko shi ne ingancin bayani: dole a horar da masu sa kai, a ba su hanyar awo iri ɗaya, masani ya tantance hoto kafin a ce ga wuta-wuta ko ga tsutsa. Da Hausa ya kamata a yi horon, kuma saƙon murya ya fi takarda tafiya a ƙauye.

Sai lada ga malamin jami'a. Ƙarin girma ya fi dogara ga maƙalun da aka buga, don haka wanda ya kwashe damina yana zama da manoma a ƙofar gidan mai unguwa zai iya ganin ya yi aikin banza, sai fa in an sa wannan a ma'aunin ƙarin girman. Akwai kuma kuɗin mota da na data, waɗanda sukan ƙare ranar da tallafi ya ƙare.

Abin da aka fi mantawa shi ne komawa. Ƙungiyar kimiyyar jama'a ta Turai, a ƙa'idoji goma da ta fitar a 2015, ta sa sanar da masu sa kai sakamako da ambaton gudummawarsu cikin sharuɗɗa. Ƙauyen da aka karɓi bayaninsa aka tafi shiru, baɗi ba zai ba da haɗin kai ba.