Garkuwar koyo da alaƙarta da garkuwar asali

Garkuwar koyo ita ce ɓangaren garkuwar jiki da ke gane kowace ƙwayar cuta da kamanninta, ta ƙera makamin da ya dace da ita kaɗai, sannan ta riƙe ta a ka ko da shekaru sun ja. Ana bambanta ta da garkuwar asali, wadda mutum ke zuwa duniya da ita a shirye: fata, majina, ruwan ciki mai tsami, zazzaɓi, da fararen ƙwayoyin jini masu haɗiye duk baƙon da suka tarar. Garkuwar asali tana tashi cikin mintuna ko sa'o'i, amma kuɗin goro take yi wa maƙiya. Ta koyo kuwa takan ɗauki mako guda ko fiye a karon farko, sai dai ba ta harbin iska.

Mayaƙanta su ne fararen ƙwayoyin jini da ake kira limfosait, kuma iri biyu ne. Dukkansu daga ɓargo suke fitowa. Ƙwayoyin B a nan ɓargon suke nuna, ƙwayoyin T kuma sai sun je taimus, wata 'yar gaɓa da ke bayan ƙashin ƙirji, wadda Jacques Miller ya gano aikinta a 1961.

Abin da ya daɗe yana ɗaure wa masana kai shi ne yadda jiki ke gane cutar da bai taɓa gani ba. Amsar ita ce tun kafin cuta ta zo, kowane limfosait yana yanka wasu guntayen ƙwayoyin gado ya harhaɗa su a kan sa'a, ya fito da na'urar ganewa tasa shi kaɗai. Ta haka ake samun miliyoyin ƙwayoyi daban-daban, kowace na jiran siffa guda, wadda ake kira antijin. Susumu Tonegawa ne ya bayyana wannan harhaɗawa, ya karɓi kyautar Nobel a 1987. Idan cuta ta shigo, 'yan ƙalilan ɗin da suka dace da ita su ne ke hayayyafa har su zama runduna, kamar yadda Macfarlane Burnet ya yi hasashe a 1957. Wannan hayayyafar ce ke cin kwanaki.

Ƙira a kan sa'a tana da haɗari, domin dole wasu su fito suna ganin jikin mai su a matsayin abokin gaba. Shi ya sa taimus ke tantancewa ba sani ba sabo: fiye da kashi 90 cikin ɗari na ƙwayoyin T da ke tasowa a cikinsa a nan suke mutuwa, wasu don ba su da amfani, wasu don za su juya wa jiki. Idan masu juyawar suka kuɓuce, su ke haddasa cututtuka irin su ciwon suga nau'i na 1, inda garkuwa ke hallaka ƙwayoyin da ke yin insulin.

A ɗauki misalin ƙaya da ta soki tafin ƙafa ta shigar da bakteriya. Wurin zai yi ja, ya kumbura, ya ɗau zafi, wataƙila ya tara mugunya. Duk wannan aikin garkuwar asali ne, mugunyar ma galibinta gawarwakin fararen ƙwayoyin jini ne da suka faɗi a fagen fama. Ana cikin haka, wasu ƙwayoyi masu rassa da ake kira dendiritik, waɗanda Ralph Steinman ya gano a 1973, sai su yagi guntun bakteriyar su bi jijiyoyin ruwan jiki zuwa kaluluwar matsematsi. A can suke baje guntun a kan wani furotin mai suna MHC, ƙwayoyin T suna wucewa ɗaya bayan ɗaya har a dace da wadda ta gane shi. Kaluluwar da mutum ke ji ta fito masa bayan kwana biyu ko uku, limfosait ne suka cika ta.

A nan ne alaƙar ɓangarorin biyu take, kuma a nan ne masu kwatanta su da katanga ta farko da ta biyu ke rage wa garkuwar asali matsayi. Ganin antijin kaɗai ba ya tayar da ƙwayar T. Sai ƙwayar dendiritik ta haɗa da wata alama ta biyu mai nuna cewa lallai akwai haɗari. In babu ita, ƙwayar T takan yi lakwas. Wato garkuwar asali ce ke ba da izinin yaƙi, ita ke kuma faɗin irin yaƙin, ko na bairas ne, ko na bakteriya, ko na tsutsar ciki. Charles Janeway ya kawo wannan ra'ayi a 1989, bincike ya gaskata shi daga baya. Dalilin ke nan da ake zuba wa alluran rigakafi da yawa wani sinadari, kamar gishirin alminiyam, don ya zaburar da garkuwar asali.

Da izini ya samu, ƙwayoyin T masu taimako, masu alamar CD4, su ke ba sauran umarni. Masu alamar CD8 suna bin ƙwayoyin jikin da bairas ya ɓuya a ciki suna kashewa. Ƙwayoyin B kuma su rikiɗe su dinga zubo antibodi, furotin mai siffar harafin Y da ke manne wa cuta. Daga nan aiki ya sake komawa hannun garkuwar asali, domin bakteriyar da antibodi ya lulluɓe ta fi sauƙin haɗiya ga makurofaj, wato wasu fararen ƙwayoyin jini masu haɗiye baƙi. Muhimmancin CD4 ya fito fili a cutar ƙanjamau: su HIV ke ci, kuma idan suka gaza 200 a kowace mikrolita (kashi ɗaya cikin miliyan na lita) ta jini, cututtukan da da ba su isa su taɓa mutum ba sai su samu ƙofa.

Antibodi aji biyar ne. IgM ke fara fitowa, IgG ya fi yawa a jini kuma shi ke ratsa mabiyiya ya isa ga ɗan tayi, IgA yana cikin majina da nonon uwa, IgE na da hannu a borin jini, sai IgD. Wanda jariri ya samu daga uwa aro ne, yakan ƙare cikin watanni.

Bayan an ci yaƙi, yawancin rundunar mutuwa take yi, a bar ƙwayoyin tuni. Idan cutar ta dawo, su kan murƙushe ta cikin 'yan kwanaki, sau da yawa mutum bai ma san ta shigo ba. A 1846 ƙyanda ta ɓarke a Tsibiran Faro da ke arewacin Tekun Atlantika, likita Peter Panum ɗan Denmak ya lura cewa tsofaffin da suka yi ta a annobar 1781 ba su sake kamuwa ba, bayan shekara 65. Ba kowace cuta ake yi wa irin wannan riƙo ba. Bairas ɗin mura mai zafi yana sauya kama kusan kowace shekara, shi ya sa ake sabunta allurarsa. A kan wannan tuni aka gina rigakafi, tun daga gwajin rigakafin agana da Edward Jenner ya yi a Ingila a 1796 har zuwa 1980, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa an kawar da agana daga doron ƙasa.