Mece Ce Leza Mai Ƙarfin Gaske, Kuma Yaya Take Haɗa Ƙwayoyin Zarra?

A ƙasar da ake haƙo uraniyom a Arlit tun 1971, idan aka ambaci nukiliya, hankalin mai karatu a Yamai ko Tawa kan tafi ne ga tsaga ƙwayar zarra mai nauyi, wato aikin da ake yi da ma'adinin namu a tashoshin lantarki na ƙasashen waje. To, akwai hanya ta biyu wadda ba ruwanta da uraniyom, ita ce haɗewar nukiliya: a matsa ƙwayoyi marasa nauyi na haidurojin har su narke cikin juna su zama heliyom, su saki makamashi. Da haka rana take ci. Wahalar ita ce ƙwayoyin suna ture juna, a nan duniya ba sa yarda su haɗu sai an kai su zafin da ya haura digiri miliyan 100, kuma an matse su matuƙa. Wannan matsin ne ake nema daga leza mai ƙarfin gaske.

Leza haske ne mai launi guda wanda ke tafiya a miƙe ba ya warwatsuwa, kuma Theodore Maiman ne ya fara kunna ta a 1960. Abin da ya kamata a fahimta shi ne, ƙarfin irin wannan leza ba daga yawan makamashinta yake ba, daga gajartar lokacin da take zuba shi ne. Na'urar NIF da ke cibiyar bincike ta Lawrence Livermore a jihar Kalifoniya ta Amurka, wadda aka kammala a 2009, tana harba makamashin kusan megajul 2 a bugu ɗaya, abin da bai wuce ya tafasa ruwan shayi lita shida ba. Amma da yake tana sauke shi ne cikin wani ɗan yanki na daƙiƙa da ake aunawa da kashi ɗaya cikin biliyan, ƙarfinta a wannan ƙiftawa yakan kai terawat 500, wato wat tiriliyan 500.

Zaren haske 192 ne ke shiga ta kai da gindin wani ɗan bututun zinariya da ke tsakiyar ɗakin gwaji. Ba ƙwayar man haidurojin da ke cikin bututun suke bugu kai tsaye ba, bangon bututun suke bugu, shi kuma ya fitar da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti. Wannan hasken ne ke ƙone fatar wata ƙwaya mai faɗin milimita biyu, wadda aka yi ɓawonta da lu'ulu'u, aka daskarar da dutariyom da tiritiyom, nau'o'i biyu masu nauyi na haidurojin, a cikinta. Yayin da fatar ke fashewa waje, sauran ƙwayar sai ta rufta ciki da gudun ɗaruruwan kilomita a daƙiƙa, tsakiyarta ta kama wuta, wato haɗewar ta soma. Ɗan karce a jikin ɓawon, wanda ido ba ya iya gani, ya isa ya ɓata gwajin baki ɗaya.

Ranar 5 ga Disamba 2022, a karon farko, abin da ya fito ya fi abin da lezar ta zuba: megajul 2.05 ya shiga, 3.15 ya fito. Nasara ce ta gaskiya, shekaru 50 bayan masanin kimiyya John Nuckolls da abokan aikinsa sun wallafa tsarin a 1972.

Sai dai wanda ya ɗauka cewa an gano maganin ɗaukewar wuta ya yi gaggawa. Ba don samar da lantarki aka gina NIF ba; Amurka ta daina gwajin bam ɗin nukiliya a 1992, ta kuma buƙaci wurin da za ta riƙa nazarin makamanta ba tare da ta fasa su ba. Haka ma Faransa, wadda ta yi gwajinta na farko a Reggane cikin saharar Aljeriya a 1960, ta daina a 1996, ta gina tata lezar mai suna Laser Mégajoule kusa da Bordo. Wannan fage, na nazarin abu a ƙarƙashin matsin da ya ninka na iskar duniya sau miliyan ko fiye, yana da amfanin da ya wuce makamai, domin da NIF aka matse lu'ulu'u da matsin da ya ninka na iskar duniya sau miliyan 50 don a fahimci yadda cikin manyan duniyoyi irin su Jufita yake.

A lissafin lantarki kuwa, da sauran tafiya. Kafin lezar ta fitar da megajul 2 ɗin nan, sai da ta sha kusan megajul 300 daga layin wuta, saboda fitilun da ke cika gilasanta da haske tsohuwar fasaha ce mai asara da yawa. Bayan haka, tiritiyom ba a samunsa da yawa a doron ƙasa, sai an ƙera shi daga ma'adinin litiyom. NIF kuma kan yi irin wannan bugu kamar sau ɗaya a yini, alhali tashar da za ta haska gari tana buƙatar ta harba wajen sau goma a kowace daƙiƙa, kowane bugu da sabuwar ƙwayarsa.