Waiwaye: shekara 22 ana gadin ƙofa guda a kan kukis

Satin da ya wuce wani ƙanena da ke haɗa ma wata islamiyya shafin biyan kuɗin makaranta nan Sakkwato ya isko ni bayan isha'i, zafi ya koro mu waje kan tabarma, laftof a cinya. Wai shafin ya ƙi riƙe mutum, ka sa kalmar sirri ka shiga, kana danna wani wuri sai ya jefo ka waje kamar bai taɓa ganinka ba. Da wayarshi yake gwadawa, ta adireshin laftof ɗin, http zalla babu s. Ban ko buɗe baki ba ya ce "Yaya ai na gano, kalmar Secure ɗin nan ce da ke jikin kuki, na cire ta, yanzu lafiya lau." Na ce Malam mai da ta inda ka ɗauko ta. Burauzar, wato manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita, ba ta lalace ba, abin da anka sha wuya kafin a koya mata ne take yi.

Kuki dai kamar lambar da mai gadin babura ke ba ka ne a bakin babbar kasuwa. Bai san fuskarka ba, lamba ya sani, duk wanda ya miƙo ta shi ke tafiya da babur. Lou Montulli ne ya ƙirƙiro shi a kamfanin Netscape a 1994, kuma tun a takardarsu ta farko akwai alamar Secure, ma'anarta burauza kar ta aika wanga kuki sai ta rufaffen layi wato https. An rubuta ƙa'ida a 1997, RFC 2109, an sake wata a 2000, masu burauza kowa ya ci gaba da yin abin da ya ga dama.

Shekaru masu yawa ma ba kowa ke sa alamar ba. Shafuka su rufe wurin shigar da kalmar sirri kawai, kana shiga su mai da kai http, to ka ga dole kukin ya yi ta yawo tsirara. A Oktoban 2010 Eric Butler ya saki Firesheep, ɗan ƙari ne a kan burauzar Firefox, ka zauna inda ake wayfay na kyauta ka ga sunayen mutanen da ke Facebook da Twitter sun jeru a gefe, ka danna ɗaya ka zama shi. Ba ƙwarewa, danna kawai. Wannan abin kunya ya taimaka ƙwarai wajen tura manyan shafuka su koma https gaba ɗaya, Gmail dama ta riga ta yi tun Janairun shekarar.

Amma inda nake so a tsaya a duba shi ne nan. A wancan lokacin Secure ƙofar fita kawai take gadi. Tana hana a karanta kukinka a hanya, ba ta hana a dasa maka wani ba. Mutumin da ke tsakaninka da intanet, mai wayfay ɗin shago ko wanda ya kafa na bogi da suna mai kama, a lokacin yana iya sa burauzarka ta leƙa shafin bankinka ta http sau ɗaya tak, shi ya amsa a madadin bankin, ya ba ta kuki mai suna iri ɗaya, ita kuma ta karɓa ta danne na gaskiyar. Bai ga lambarka ba, musanya maka ita ya yi cikin aljihu, kai kana ta saka bayanan katinka kana zaton asusunka kake ciki alhali nashi ne. Abin mamaki ba a ɓoye yake ba, RFC 6265 da Adam Barth ya rubuta a Afrilun 2011 ta faɗa ƙarara cewa ana iya danne kuki mai Secure ta buɗaɗɗen layi. An sani, an rubuta, anka bar shi haka nan don tsoron kar a karya tsofaffin shafuka. Ni dai a ganina sakaci ne, ko da wane suna anka kira shi.

Sai a 2015 wasu masu bincike daga Chana da Amurka sunka nuna a taron masana tsaron kwamfuta na USENIX cewa dabarar tana cin manyan shafuka har da na banki. Mike West na Google ya kawo shawara mai sauƙi, idan amsa ta zo ta http to burauza kar ta karɓi kuki mai Secure daga gare ta, kuma kar ta bari ta taɓa wanda ke ajiye. Burauzar Chrome 52 ta ɗauka a 2016, shekara 22 ke nan daga farkon kuki, Firefox 52 ta biyo a 2017. A lokacin ne kuma anka fito da sunayen kukis masu farawa da __Secure- da __Host-, don saba, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kai, ta tabbata daga rufaffen layi kukin ya fito.

To ba burauza kaɗai ke magana da saba ba, nan gwaji ya zama dole. curl na Daniel Stenberg, ɗan kayan aikin da masu haɗa shafi ke kiran saba da shi ba tare da burauza ba, sai a fitowar 7.64.0, Fabrairun 2019, ya shiga sahu. Ma'ajiyar kukis da ke zuwa cikin Python, harshen rubuta manhaja, kuwa ba ta aika mai Secure ta http, amma in an ba ta shi ta http karɓa take ta ajiye. Ga kuma rigimar localhost, wato adireshin da kwamfuta ke kiran kanta da shi, Chrome da Firefox suna yi mashi kallon na gida su karɓa ko ba s, Safari, burauzar Apple, ta daɗe ba ta yarda ba, shi ya sa abu ke aiki a kwamfutar mai shi ya ƙi a wayar wani. Galibin masu gwaji tambaya guda suke yi, shin an aika? Su ga ba a aika ba su tafa. Tambayar an karɓa, da ta an danne tsohon, su ake mantawa.

Daren nan mun gwada duka a kan tabarma. Munka sa sabarshi ta ba da kukin ta http, Chrome ɗin waya ta yar da shi, munka kira da curl munka buɗe fayil ɗin da yake ajiye kukis, wayam. Ɗan rubutun Python da ya yi kuwa sai ga kukin zaune a ciki daram, ya ɗago ya kalle ni ya ce "Kai Yaya!" Ya mai da Secure ɗin, ya ce in sun ɗora shafin zai karɓo takardar shaidar https ta kyauta daga Let's Encrypt. Muna cikin neman yadda zai haɗa ta wucin gadi a laftof don gwaji da waya anka ɗauke wuta, batirin ma dama ya kusa, sai munka bar shi sai da safe.