Shin baƙar fata ne mafi yawan matalautan Amurka?

Mutane da yawa, har a cikin Amurka, haka suka ɗauka. Ba haka ba ne. Talauci ya fi yi wa baƙar fata katutu idan aka dubi yawansu, amma a ƙidaya matalauta farar fata sun fi su.

To daga ina zaton ya fito? A 1996 masani Martin Gilens ya binciki hotunan matalauta a mujallun Time, Newsweek da U.S. News: kashi 62 cikin ɗari baƙar fata ne, alhali a lokacin su kashi 29 ne na matalautan ƙasar. Mata baƙar fata wannan zaton ya fi shafa, abin takaici, tun da Ronald Reagan, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, ya riƙa yayata labarin wata matar Shikago mai damfarar kuɗin tallafi a yaƙin neman zaɓen 1976.