Me ke cikin hodar da kike shafawa a fuska?

In kin juya gwangwanin hoda, za ki ga jerin sunaye da ƙananan haruffa a bayansa. A Amurka da Tarayyar Turai doka ce a jera su daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, sai launuka da abin da bai wuce kashi 1 cikin 100 ba, su ana iya jera su yadda aka ga dama. Sunaye uku ko huɗu na farko su ne ainihin hodar.

Hoda tana gyara fata ne, ko rufe ta kawai take yi?

Rufewa take yi. Garin yana kwanciya a saman fata, ya tsotse maiƙo da zufa, ya sauya yadda haske ke faɗowa kan fuska. Da kin wanke, aikinsa ya ƙare. Akan zuba bitamin a wasu, amma busasshen gari ba ya ratsa fata yadda man shafawa ke yi, don haka kada ki saya domin wannan.

Mene ne talik, kuma me ya sa ake ta surutu a kansa?

Ma'adini ne da ake haƙowa a zuba a hoda, kuma shi ne mafi laushi a ma'aunin taurin duwatsu na Mohs, inda yake lamba 1, lu'ulu'u kuma yake lamba 10. Wannan laushin ne ke sa hoda ta yi santsi a yatsa, ta bi fata ba gargada.

Matsalar daga ƙasa take tasowa. A wasu wuraren haƙa, talik na maƙwabtaka da asbestos, wani ma'adini wanda zarensa ke haddasa cutar kansa (ciwon daji) idan an shaƙa. Kamfanin Johnson & Johnson, bayan dubban ƙararraki a kotunan Amurka, ya daina sayar da hodar jarirai mai talik a Amurka da Kanada a 2020, a duniya baki ɗaya kuma a 2023, ya koma sitacin masara, duk da ya dage cewa hodarsa ba ta da illa. A Yulin 2024, cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Liyon a Faransa ta sanya talik cikin abubuwan da mai yiwuwa suna haddasa kansa. Hujjar da ta shafi ɗan Adam ta fi fitowa daga matan da ke barbaɗa hoda a matancinsu, ba masu shafa ta a kunci ba. A nawa ganin ba abin tayar da hankali ba ne ga mai ɗan taɓa dunƙulalliyar hoda da soso, amma mai girgiza sakakken gari har ya turnuƙe ɗaki ta rage shaƙarsa. Huhu ba ya son ƙura, ko wace iri ce.

Fuskata mai maiƙo ce. Me zan nema?

Silika, kawolin, ko sitacin masara ko na shinkafa. Kawolin farin yumɓu ne da ya samo suna daga ƙauyen Gaoling a ƙasar Sin, inda aka daɗe ana haƙarsa don yin tangaran. Silika kuwa ƙananan ƙwayoyi ne masu jan maiƙo sosai, suna kuma warwatsa haske har ƙofofin fata su ɗan ɓace wa ido. Mai busasshiyar fata ta yi hattara da su, don sukan zauna cikin tamoji su ƙara fito da shi.

Me ya sa wasu ke fitowa fari fat a hoto, alhali a madubi lafiya lau?

Yawanci aikin silika ne idan an labta ta, musamman ƙarƙashin ido. Fitilar kyamara na bugun garin, shi kuma ya mayar da hasken gaba ɗaya. Titaniyam dayoksayid da zinki oksayid ma farare ne tas, kuma su ne ke ba hoda ƙarfin rufe tabo. Idan sun yi yawa ba tare da isasshen launi ba, mai duhun fata za ta yi toka-toka ko da rana tsaka. Ƙyalƙyalin da kike gani a wasu hodojin kuma na maika ne, ma'adinin da ke sheƙi kamar ɓawon kifi.

To launin daga ina yake fitowa?

Daga ayon oksayid, wato dangin tsatsar ƙarfe, sai dai wanda ake zubawa a kwalliya a masana'anta ake haɗa shi don ya fito da tsabta. Kala uku ne: ja, rawaya da baƙi, kuma a jikin gwangwani za ki gan su da lamba CI 77491, CI 77492 da CI 77499. Daga cakuɗa waɗannan ukun da fari ake samun kusan kowane launin fata.

Wannan shi ne sinadarin da na fi ganin darajarsa. Ba hasken rana mai ƙuna kaɗai ke ƙara duhun tabo ba. Hasken da ido ke gani ma yana yi, kuma ya fi tasiri a fata mai duhu. Ayon oksayid yana tare wani ɓangare na wannan hasken, shi ya sa likitocin fata kan shawarci masu baƙin tabo a kumatu, irin wanda ke fitowa lokacin juna biyu, su nemi man kariyar rana mai launi.

Hodata tana da SPF 30. Ta wadatar?

Ba ta wadatar ba. SPF lamba ce da ke nuna ƙarfin kariya daga rana. Ana auna ta ne da miligiram 2 a kan kowace murabba'in santimita ta fata, kuma ba wadda ke shafa hoda da kaurin haka sai in tana son fitowa kamar bango. Man kariya a ƙasa, hoda a sama.

Na sauya hoda sai ƙaiƙayi da ƙuraje. Wane ne mai laifin?

Fara zargin turare, shi ne kan gaba wajen tayar da fata a kayan kwalliya. Na biyu bismut oksikulorayid, mai lamba CI 77163, wanda ke ba da sheƙi amma yake sa wasu susa, musamman in sun yi gumi. Dunƙulalliyar hoda kuma tana da abubuwan da ke haɗe garin, kamar zinki istiyaret da ɗan mai, waɗanda kan yi wa wasu nauyi.

Kafin ki ɗora wa hodar laifi, duba soson da ke cikinta. Yana kwashe maiƙo da matacciyar fata kullum, ya mayar da su kan fuska washegari. Ki wanke shi da sabulu duk mako, ya bushe sosai kafin ki rufe shi cikin gwangwani. In bayan haka ƙaiƙayin bai tafi ba, ajiye hodar na mako biyu, sannan ki gwada kaɗan a gefen muƙamuƙi ki ga ko zai dawo.