Waiwaye: Yadda Sunan Jariri Ke Ɓacewa Tsakanin Agege da Gida

Tun da cutar mashaƙo ta sake ɓulla a ƙarshen shekarar 2022, rahotannin farko kuma suka fito daga Kano da Legas, muhawarar yaran da ba a yi wa rigakafi ba ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. A majalisun Hausawan Agege da Idi-Araba da Mile 12 a Legas, ana ta da maganar sai ka ji an rabu gida biyu. Wasu su ce mutanenmu ne ba sa kai 'ya'yansu asibiti, wasu su ce ai masu allurar ne ba sa shigowa lungunanmu. Akan kuma kawo alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarun nan, waɗanda suka nuna Najeriya na da yara sama da miliyan 2 da ko allurar farko ba su samu ba. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne, a wane littafi sunayen yaran nan suke, kuma a hannun wa littafin yake?

Tarihin farko sananne ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin rigakafin yara a 1974, Najeriya ta bi sahu a ƙarshen shekarun 1970, aka yi nisa zuwa 1990, sannan abin ya ja baya. A 2003 jita-jita ta tsayar da ɗigon shan inna a wasu sassan Arewa kusan shekara guda. A 2009 sarakunan Arewa suka kafa kwamitinsu a ƙarƙashin Sarkin Musulmi, aka ci gaba da fafatawa har ranar 25 ga Agusta, 2020, da aka tabbatar an raba Afirka da asalin ƙwayar cutar shan inna.

A tsakiyar wannan tafiya akwai wani sauyi da ba a cika ba shi haƙƙinsa ba. Shekara da shekaru, hanyar sanin yawan jarirai kintace ce. Sai a ɗauki ƙidayar jama'a, a ƙara mata wani kaso duk shekara, a ce wa kowane ƙaramin asibiti ga adadin yaran da ake jira daga gare shi. Rijistar asibitin kuwa wanda ya zo kawai take rubutawa. Yaron da ba a kawo ba, ba shi da shafi, ba shi da layi, balle a ce ya makara a je nemansa. A Legas kintacen ya fi ko'ina rauni, domin ƙidayar 2006 ta ba jihar mutum miliyan 9 da ɗoriya, lissafin jihar kuma ya haura miliyan 17, kuma har yau ba a sake wata ƙidayar ba.

A 2012, cikin yaƙi da shan inna, aka fara ɗaukar mata 'yan sa-kai a unguwannin Arewa da tallafin Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya. Sharaɗin da ya yi aiki shi ne matar ta zama 'yar unguwar, wadda za ta yi sallama ta shiga har ɗaki ba a tambaye ta daga ina ba. Kowacce aka ware mata gidajenta, aka ba ta littafi tana rubuta masu juna biyu da jarirai da yaran da ba su kai shekara 5 ba. Suka kuma riƙa zuwa gidan suna. Nan ne hikimar take. Duk jaririn Bahaushe, kafin ya kwana bakwai mutum huɗu sun san da shi: ungozomar da ta yanke cibi, wanzamin da zai yi askin suna, limamin da zai raɗa suna, da mai unguwar da aka kai wa goro. Asibiti ne kaɗai ba shi da labari. Da aka haɗa waɗannan mutane da ma'aikaciyar lafiya, sai lissafi ya tashi daga "kashi kaza cikin ɗari" ya koma "ɗan wance, gida na uku bayan masallaci, ba a kawo shi allurar mako goma ba". Bayan binciken rigakafi na ƙasa baki ɗaya na 2016 zuwa 2017 ya nuna yaro ɗaya cikin uku ne kacal ya kammala allura uku ta haɗin cututtuka biyar, aka ayyana dokar ta-ɓaci a kan rigakafi a 2017, kuma a jihohi irin su Kano masu unguwanni suka riƙa rubuta haihuwa suna daidaita littafinsu da na asibiti. Da ɗan gari akan ci gari.

Legas ma ta ɗanɗani amfanin bin mutum da sunansa. Da Ebola ta shigo a Yulin 2014, ma'aikatan da suka goge a aikin shan inna na cikin waɗanda suka bi sawun mutum kusan 900 da suka yi hulɗa da masu cutar gida-gida, har aka sanar da ƙarshen cutar a Najeriya ranar 20 ga Oktoba na shekarar.

Sai dai tsarin 2012 an gina shi ne a kan mutanen da ke zaune wuri ɗaya, mu kuwa Hausawan Ikko, wato Legas, ƙafarmu ɗaya na nan, ɗaya na gida. Yarinya mai cikin fari takan tafi goyon ciki wajen iyayenta a Katsina ko Sakkwato, ta haihu a can, a yi wa jariri allurar tarin fuka. Tana gama wankan jego, wato kwana arba'in, sai ta hau mota ta dawo. Allurar mako shida kuwa kwana 42 ne, daidai lokacin da take kan hanya ko take fama da gajiyar tafiya. Asibitin can ya rubuta ta cikin waɗanda suka daina zuwa, na nan bai san ta iso ba. In katin ya jiƙe a ambaliyar damina ko ya zauna a akwatin kakar yaron, shi ke nan, an rasa bakin zaren. Akwai ta mako 10 da ta mako 14, akwai ta ƙyanda da shawara a wata 9, da ƙyanda ta biyu a wata 15, kuma a tsakaninsu akwai tafiyar sallah da biki da rasuwa. Ni dai a ganina, yawancin abin da ake kira ƙin rigakafi a zangonninmu wannan ne. Masu ƙin da gangan suna nan, ban musa ba, amma uwar da ta ɗauki ɗanta ta kai shi allurar farko ba maƙiyiyar allura ba ce.

Akwai kuma batun amana. Magidancin da ke kwana a rumfa a kasuwa ba shi da lambar gida, kuma baƙo da takarda da biro yana tambayar "ku nawa ne a nan" ba abin da zai kwantar masa da hankali ba ne. Amma zai faɗa wa sarkin Hausawan unguwarsa, matarsa kuma za ta faɗa wa malamar Islamiyyarsu. Shi ya sa rijistar kwamfuta ko ta wayar hannu, duk kyanta, ba za ta cika kanta ba. Sai an sami wanda zai kawo mata sunan, kuma sai iyaye sun tabbata sunan ba zai wuce hannun ma'aikatan lafiya ba.

Kayan aikin duk muna da su. Kowace mazaɓa tana da gurbin kwamitin raya ƙasa da ke aiki da ƙaramin asibitinta, kuma ya kamata a ga mace mai jin Hausa a cikinsa duk inda muke da yawa. Fadojin sarakunan Hausawa na iya riƙe littafin haihuwa da na masu jegon da suka dawo daga gida, a riƙa kai shi asibiti duk wata ana gwadawa da nasu. Mai jego kuma kafin ta baro gida, a ɗauki hoton katin yaron a waya, a tura wa mijinta a Legas tare da ranar allura ta gaba.